Hon Ɗin Malam Kunne

Duk malamin Turancin da ya fito daga hannun Malam Kunne, in ka ce ya kwatanta maka shi, da hon ɗin motarsa zai fara. Mutum ne da bai taɓa shiga harabar wata makaranta shiru ba. Zai tsaya a bakin get, ya ɗora tafin hannu a kan sitiyari ya danna, ya daɗe yana dannawa, sannan ya gyara zaman tabarau ya jira, ko da mai gadi ya riga ya wangale masa ƙofa yana ta miƙo gaisuwa. Mutane sun ɗauka tsabar son girma ne, kuma ba su yi masa ƙazafi ba, don son girma kam ya samu rabonsa har da na maƙwabta.

Aikinsa a kwalejin horar da malamai shi ne koya wa manya yadda za su koya wa yara Turanci. Su yaran kuwa, rabonsa da tsayawa a gabansu tun yana saurayi. Zango guda ya yi a wata firamare, kuma abin da ya riƙe daga can bai wuce ƙurar alli a hannun riga da warin aji bayan an dawo daga hutun tara ba. Wani kawunsa ya yi masa hanya aka tura shi kwas na 'yan makonni a ƙasar waje. Ya dawo da baƙar jaka mai makulli, da hotonsa a gaban wani dogon gini, da wata hanyar koyarwa da ya ci abinci da ita har ya yi furfura.

Hanyar ba ta da wuyar faɗa. Malami ba zai furta ko kalma ɗaya da harshen gida a cikin aji ba. Ya nuna abu, ya faɗi sunansa da Turanci, ya yi nuni da hannu, ya maimaita. In yaro ya yi masa magana da harshen gida, ya yi kamar bai ji ba, har sai buƙata ta matse yaron ya nemo kalmar da kansa. In wani mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya ce, to yaron da bai taɓa jin Turanci ba ko a rediyo fa, daga ina zai nemo ta, sai Malam ya yi murmushin tausayi, ya taɓa kunnensa da ɗan yatsa, ya ce, "Kunne zai saba." Ya faɗe ta har ta cinye sunansa na yanka.

Kuma yana da hujja, kullum yana nuna ta a babban ɗakin lakca. Zai sa a ture tebura gefe, a jera kujeru da'ira, ya ce kowa ya mai da kansa ɗan aji ɗaya. Sai ka ga magidanta masu gemu da matan aure da suka baro goyo a gida sun ƙanƙance murya. Ya ɗaga kofi ya tambaya da Turanci mene ne wannan, su haɗa baki su ce kofi ne. Ya buɗe ƙofa, su ce ya buɗe ƙofa. Ya juyo yana sheƙi ya ce, "Kun gani? Na yi amfani da harshen gida?" Kowane ɗayansu sai da ya ci jarrabawar Turanci kafin a ɗauke shi a kwalejin, amma wannan bai taɓa rage wa Malam daɗi ba. Kamar mutum ne ya jefa kifi a ruwa, ya waiwayo yana jiran a tafa masa don ya koya masa iyo.

Inda ake jin jiki shi ne gwajin koyarwa. A shekarar ƙarshe ana rarraba ɗalibai makarantu, kowa a ba shi aji na gaske, sannan wata rana malamin kwaleji ya zo ya zauna a baya ya ba da maki. Wanda ya faɗi ba shi da takardar shaida, sai ya sake shekara, in yana da halin sakewa. Malam Kunne ya kayar da mutane ba adadi a kan kalma guda. Ya kayar da wata baiwar Allah don ta ce wa yara su yi shiru da harshen da suke ji. Ya kayar da wani don wani yaro ya yi atishawa ya yi masa addu'a. Yakan ba da waɗannan labaran a ɗakin malamai yana dariya, yana kurɓar shayi.

To, ɗalibai ba wawaye ba ne. Tun kafin a haifi wasunsu an riga an samo magani, kuma suna kiransa jiƙo, kamar yadda ake jiƙa kayan wanki kafin a cuɗa. Malam yakan aiko da ranar zuwansa tun da wuri. Sai mai gwaji ya rufe ƙofa ya kwashe kwanaki yana yi wa yara darasin nan ɗaya da harshen gida tsantsa: in na ɗaga kofi ku ce kaza, in na nuna taga kai za ka tashi, ke kuma ki yi kuskure kaɗan don in gyara miki. A rubuta amsoshi a allo da fassararsu a yi ta bita har safiyar ranar. Da an ji hon daga bakin get, sai a goge allo, a gyara zama, kowa ya haɗiye harshen uwarsa. Malam ya shigo ya ga yara suna amsa tambaya tun kafin a gama yin ta, ya ba da maki mai tsoka, ya koma kwaleji da sabon labarin yadda kunne ya saba. Hedimastoci sun sani, masu gadi sun sani, har masu sayar da alewa a bakin katanga sun sani.

A gida abin bai karɓu ba. Ya so ya kafa dokar a falonsa, sai 'ya'yansa maza suka koma cin abinci a ɗakin uwarsu. Matarsa ta ce masa ita da harshen da aka nemi aurenta da shi za ta mutu. 'Yarsa Auta ce kaɗai ta bi shi. Tun tana ƙarama ita ke tarbarsa ta karɓi baƙar jakar, ta rungume ta da hannu biyu har ɗaki. Ta ji Turanci a bakinsa da littattafansa da rediyonsa tun tana rarrafe, don haka ita kam kunnenta ya saba da gaske, kuma ta ɗauka haka abin yake ga kowa. Da ta gama sakandare ta ce koyarwa za ta karanta, a kwalejinsu, a sashensa. A duk ɗaliban da suka taɓa zama a da'irar nan, ita kaɗai ce take rubuta abin da yake faɗa don ta yi aiki da shi.

Ba wanda ya gaya mata labarin jiƙo. 'Yan ajinsu in suna maganar ta tunkaro, sai su koma hirar zafin rana, don ba wanda zai tona asirinsa gaban 'yar Kunne. Da aka tura ta wata firamare a bayan kasuwa, malamar ajin da aka ba ta, wata dattijuwa mai ciwon gwiwa, ita ma ba ta ce komai ba. A ganinta 'yar mai ba da maki me za ta yi da jiƙo. Haka Auta ta shiga ajin nan da yara suka cika shi har bakin allo, ta yi ta yi musu Turanci daga safe zuwa tashi, mako ya bi mako. Yaran suna son ta, suna son takalminta, suna rige-rigen goge mata allo. Abin da take cewa ne dai ba su san ko mene ne ba.

Ana saura 'yan kwanaki a zo duba ta, ta sami ubanta a falo yana kallon labarai. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta yi magana da harshen gida, abin da ba ta cika yi da shi ba.

"Baba, yaran nan ba sa amsawa. Duk abin da ka ce ina yi. In na tambaya, tambayar suke maimaita min. Ko akwai wani abu da sauran suke yi da ni ban sani ba?"

Malam Kunne ya dubi 'yarsa, ya mai da ido kan talabijin. Ya ɗauki rimot ya ƙara murya kaɗan.

"Ki ci gaba," in ji shi. "Kunne zai saba."

Dokar kwaleji ba ta yarda uba ya ba 'yarsa maki ba, don haka aka ba wani sabon malami aikin, wani siriri mai yawan sunkuyar da kai da ake kira Malam Ƙarami. Amma Malam Kunne ya ce zai raka shi, kallo kawai zai yi, kuma a motarsa za a tafi. Ya riga ya cika baki a ɗakin malamai cewa ranar za a ga hanyar a hannun wadda ta sha ta a nono. Da safe matarsa ta biyo shi har bakin mota tana gyara mayafi.

"Baban Auta, ka dai duba min yarinyar nan. Kwana biyu ko abincin kirki ba ta ci."

"Ba ni ke ba da maki ba," ya ce. "Kuma 'yata ba ta buƙatar alfarma."

Ya danna hon a bakin get ɗin firamaren kamar kullum, ya jira kamar kullum. Aka shigar da su ajin, aka ba su benci a baya ƙarƙashin fankar da ta daɗe da mutuwa. Malamar ajin ta ja kujerarta kusa da taga. Auta ta tsaya a gaba da kofi da cokali da hotunan da ta kwana biyu tana yankawa.

Ta gaishe su da Turanci, suka amsa da ƙarfi, don wannan kam sun haddace. Malam ya gyaɗa kai ya dubi Malam Ƙarami. Ta ɗaga kofi ta faɗi sunansa, suka faɗa. Ta tambaya, mene ne wannan? Ajin gaba ɗaya ya haɗa baki ya ce, mene ne wannan? Ta girgiza kai, ta nuna kanta, ta nuna su, ta sake tambaya a hankali. Suka sake mayar mata a hankali, har da girgiza kan. Ta je ta buɗe ƙofa ta ce ta buɗe ƙofa, sai 'yan layin gaba suka miƙe, sun ɗauka an tashi.

Gumi ya fara tsattsafo wa Malam Kunne a ƙarƙashin hula. Shekara da shekaru yana zama a irin bencin nan, bai taɓa ganin hanyarsa tsirara ba sai yau. Ya yi ta neman inda yarinyar ta kauce don ya riƙe, bai samu ba. Tsayuwar tasa ce, nunin hannun nasa ne, har murmushin haƙurin nasa ne. Yana jin Malam Ƙarami a gefensa yana kallon farcensa, kuma ya san da yamma za a ji labarin a ɗakin malamai. Tsoro ya kama shi, kuma ko kaɗan ba don Auta ba.

Can wata 'yar ƙaramar yarinya a layin tsakiya ta ɗaga hannu. Auta ta yi saurin nuna ta, fuskarta ta washe, ta ɗauka amsa ta zo. Yarinyar ta miƙe tana matse ƙafafu.

"Malama, fitsari nake ji."

Auta ta ji ta sarai. Ta saci kallon bencin baya, ta ga ubanta ya zuba mata ido ta saman tabarau. Sai ta yi abin da aka koya mata. Ta sa hannu a bayan kunne, ta ɗaga gira, ta ce da Turanci ba ta gane ba, a sake faɗa. Yarinyar ta sake faɗa. Auta ta faɗa mata yadda ake neman izini da Turanci, ta ce ta maimaita. Yarinyar ta buɗe baki, ta kama kalmar farko, sauran suka kuɓuce mata. Malamar ajin ta fara yunƙurin tashi da gwiwarta mai ciwo, amma kafin ta miƙe an gama. Ruwa ya bi ƙafar yarinyar ya taru a siminti, na kusa da ita suka ɗage ƙafa, ajin ya fashe da dariya.

Auta ta saki kofin. Ta ratsa tsakanin bencina ta durƙusa a gaban yarinyar, ta rufe ta da jikinta.

"Yi shiru, yi shiru, ba laifinki ba ne. Laifina ne. Zo mu je in wanke miki." Ta ɗago ta dubi sauran. "Duk wanda ya ƙara dariya zai gamu da ni."

Ajin ya yi tsit nan take. Tun da ta zo makarantar, wannan ne karo na farko da suka fahimci abin da ta ce.

Malam Kunne kuwa sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Daɗi ya ji, ba wani suna da za a ba abin. Ya sauke ajiyar zuciya, ya zaro hankici ya goge wuya, ya karkata wajen Malam Ƙarami.

"Ka dai ji da kunnenka," ya ce.

A ofishin hedimasta aka yi sauran. Hedimasta ya kawo musu ruwa ya fice, don ya ga abin ba na zama ba ne. Malam Ƙarami ya daɗe yana juya biro a hannu.

"Yallaɓai, da a ce mu sake dawowa wani makon. Abin da ya faru lalura ce. A ba ta lokaci ta ɗan shirya yaran."

"Ta shirya su kamar yaya?"

Malam Ƙarami ya ɗago ya dube shi, ya ga idon da ke kallonsa, ya mai da kai ƙasa. Yana da mata da jariri, kuma har yanzu ba a tabbatar masa da aikin ba.

"A'a, ina nufin ta shirya darasin."

"Darasi a shirye yake. Hanya ba ta da laifi. Da ta daure ta riƙe, da yaran sun kama kafin a buga ƙararrawa, na ga alama. Ita ce ta karya doka, kuma na kayar da 'ya'yan wasu a kan abin da bai kai wannan ba. Me za a ce da ni?" Ya miƙe ya gyara riga. "Amma fa kai ke ba da maki. Ni kallo na zo yi."

Malam Ƙarami ya rubuta abin da aka zo kallo a ga ya rubuta. Kafin su fito Malam Kunne har ya fara tsara yadda zai ba da labarin: mutumin da gaskiya ta sa bai ƙyale ko 'yar cikinsa ba. Ya ga labarin zai yi kyau ƙwarai, ya ma fi wanda ya yi niyyar bayarwa da safe.

A bayan ajujuwa, wajen famfo, Auta da malamar ajin suna matse ɗan siket ɗin yarinyar. A nan dattijuwar ta kasa haƙuri ta ce, "Wai 'yata, don Allah me ya hana ki jiƙa su?" Auta ta ce, "Jiƙa su da me, Mama?" Dattijuwar ta saki siket ɗin ta riƙe baki. Sannan ta zauna a kan bulo ta gaya mata komai, tun daga rufe ƙofa har goge allo.

Suna da wani ɗalibin da za su duba a wata makaranta kafin azahar, kuma hanyar gida ce, sai Malam ya ce Auta ta shigo su sauke ta daga baya. Ta shiga gaba, Malam Ƙarami ya koma baya ya lafe. Baƙar jakar tana kan kujerar, ta ɗauke ta ta ɗora a cinya kamar yadda ta saba. Ba wanda ya gaya mata makin, ba ta kuma tambaya ba, ta gani a fuskar na bayan. Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Baba, ka san wani abu wai shi jiƙo?"

"Shekara ɗaya ba komai ba ce," in ji shi, idonsa a kan titi. "Za ki sake, kuma za ki fi haka."

"Na ji. Tambayarka na yi, ka san shi?"

"Surutun ragwaye ne. Ban da lokacin sauraron irin wannan."

"Ran nan na tambaye ka a falo."

Ya sa sigina ya karya kwana, suka iso ɗaya makarantar. Get ɗin a wangale yake, ko mai gadi babu, daga nan ana hango ƙofofin ajujuwa. Malam Kunne ya taka birki a waje, ya ɗora tafin hannu a kan sitiyari ya danna, ya daɗe yana dannawa. Sannan ya gyara tabarau ya jingina.

"Baba, ƙofar a buɗe take," in ji Auta.

"Na gani."

Ta sauke gilashi. Daga ajin ƙarshe ana jiyo muryar wani namiji yana cewa, "Ga su nan, ga su nan, kowa ya koma wurinsa. Kai, goge can sama." Aka ji jan bencina, aka ga ƙurar alli ta fito ta taga. Malam yana zaune yana kaɗa yatsu a kan sitiyari, bai dubi agogo ba, bai dubi ajin ba, kamar mai jiran shayi ya huce. Ya san daidai tsawon lokacin da allo yake ɗauka kafin ya gogu.

Auta ta daɗe tana kallon gefen fuskarsa. Ta ɗauke jakar daga cinyarta ta ajiye a ƙasan mota, wajen taka ƙafa, ta buɗe ƙofa ta fita, ta nufi titi ba ta waiwayo ba.

"Yallaɓai, ta tafi fa," in ji Malam Ƙarami.

"Ƙyale ta, za ta huce."

Ajin ƙarshe ya yi shiru. Malam Kunne ya sunkuya ya ɗauko jakarsa da kansa, ya kakkaɓe ta, ya sa giya ya shiga.